Sauƙaƙawa ko Ragewa? Nazari a kan Littattafai Biyu na Stephen Hawking

A shekarar 1988 Stephen Hawking, shehun malamin lissafi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya fitar da littafinsa mai suna A Brief History of Time, watau taƙaitaccen tarihin lokaci. Nufinsa shi ne ya bayyana wa wanda bai yi nisa a lissafi ba yadda masana su ke ganin sararin samaniya ya faro, da kuma inda ya dosa. Littafin ya yi kasuwa irin wadda ba a saba gani ba, har ya yi mako 237 cikin jerin littattafan da aka fi saye na jaridar Sunday Times. Amma an daɗe ana ba'a cewa masu sayensa sun ninka masu kai wa ƙarshensa. A 2005 sai Hawking ya haɗa hannu da Leonard Mlodinow, su ka fito da A Briefer History of Time, wanda ya fi na farko gajarta da sauƙi, aka kuma shigar da abin da bincike ya gano a tsakani.

Wahalar littafin farko iri biyu ce, ya kamata mai karatu ya rarrabe su. Akwai wahalar da ta zo daga harshe da tsari, wadda gwanin alƙalami ya ke iya kawarwa. Akwai kuma wadda ta ke cikin maganar kanta, ita kuwa ko dai a bi ta a hankali ko a tsallake ta.

Game da ta farko, lalle littafin 2005 ya ciri tuta. A bugun 1988, babi guda ne ya ɗauki dokokin Newton da ra'ayoyin Einstein guda biyu, na saurin haske da na lanƙwasar sarari, mai karatu bai gama haɗiye wannan ba an miƙo masa wancan. A sabon littafi an raba kayan nan babi uku, jimloli sun gajarce, hotuna masu launi sun maye gurbin zanen baƙi da fari. Haka nan ya fi dacewa da zamaninsa. Na farko ya ce shekarun samaniya tsakanin biliyan 10 ne da 20, kuma ya ɗauka faɗaɗarta tana rage sauri. To, a 1998 ƙungiyoyi biyu na masu duban taurari su ka gano ƙara sauri ta ke yi, aka laƙaba wa abin da ke tura ta suna makamashi mai duhu. Littafin 2005 ya kawo wannan, ya kuma tsayar da shekarun wajen biliyan 13.7. Yau ana cewa 13.8.

Inda maganar ta ke shi ne wajen wahala ta biyu. Littafin 1988 ya ba baƙin rami babi biyu cikakku, baƙin rami kuwa shi ne wurin da ƙarfin jan abu ya kai matsayin da ko haske ba ya kuɓuta. Babi na biyu cikinsu aikin Hawking ne na kansa, na 1974. Bayaninsa shi ne, a bakin ramin ƙwayoyin halitta su kan ɓullo biyu-biyu, ɗaya ta faɗa ciki, ɗaya ta tsere, sai wanda ke nesa ya ga kamar ramin ne ke fitar da zafi, a hankali kuwa nauyinsa yana raguwa. Abin da ya ƙawata babin shi ne marubucin bai miƙo sakamako kawai ba. Ya faɗi yadda ya ƙi ra'ayin Jacob Bekenstein da farko, da yadda ya je Mosko a 1973 ya tattauna da Zeldovich da Starobinsky, da yadda lissafinsa ya fito da amsar da shi kansa bai so ba. A sabon littafi an cusa baƙin rami cikin babi ɗaya tare da babbar fashewa da tarihin taurari. An sami sauƙi, amma an rasa ganin mutum yana gardama da kansa, wannan kuwa shi ne darasin da ɗalibi ya fi bukata daga masani.

Haka babin kibiyar lokaci, wanda ke tambayar dalilin da ya sa mu ke tuna jiya ba mu tuna gobe, da dalilin da ya sa fasasshen kofi ba ya haɗa kansa ya koma kan tebur. A nan ne Hawking ya ba da labarin yadda Don Page da Raymond Laflamme su ka nuna masa ya yi kuskure da ya zaci lokaci zai juya baya in samaniya ta soma tsukewa. Babu wannan babi a cikin na 2005. Ni a ganina ba wuya ce ta sa aka cire shi ba, domin yana daga cikin waɗanda ko yaron sakandare zai bi.

Akwai wuri ɗaya da mai nazarin harshe zai tsaya. Abin da ya fi tuntuɓar da masu karatun 1988 shi ne abin da Hawking ya kira da Turanci da kalmar da ke nufin lokaci na zato. Da shi ne shi da James Hartle su ka gina ra'ayinsu na 1983 cewa samaniya ba ta da gefe ko mafari, kamar yadda bayan ƙwallo ba shi da baki. A wurin masu lissafi kalmar nan suna ce ta wasu lambobi waɗanda in an ninka su da kansu su kan ba da abin da ke ƙasa da sifiri. A wurin sauran mutane kuwa ma'anarta abin da babu shi. Sai mai karatu ya zaci ya gane, alhali ya kama wata hanya dabam. Baƙuwar kalma ta kan sa mutum ya tsaya ya tambaya, sananniya kuwa ta kan wuce da shi ba tare da ya lura ba. Shi ya sa shawarar da aka ba Hawking, cewa kowane jadawalin lissafi zai rage masu saye da rabi, har ya bar guda ɗaya tak na Einstein, ba ta warkar da ciwon ba: an kori alamomi, nauyinsu ya koma kan kalmomin yau da kullum. Littafin 2005 ya riƙe misalin bayan ƙwallo, ya sassauta dogon bayanin da ke ƙarƙashinsa. Mai karatu ya huta, sai dai yanzu karɓa ya ke yi bisa amana, ba shi da abin da zai auna maganar da shi.

Sabuntawar ma ba ta daɗe ba. A 2015 aka fara jin girgizar sarari daga karon baƙaƙen ramuka biyu, a 2019 aka nuna hoton inuwar wani, shekara guda bayan rasuwar Hawking. Duka littattafan biyu sun riga waɗannan.

Wanda zai fara, ya karanta babi 7 na farko na littafin 2005, sa'an nan ya ɗauko bugun 1988 ya bi babi na 6 da na 7 da na 9, da fensir a hannu.