Kwana casa'in da kalmar sirrin Alhaji

Masu bina sun gaji da mitar da nake yi kan wa'adin kalmar sirri, na sani. Ku ƙara haƙuri, yau ma ita ce.

Shekaranjiya wajen ƙarfe shida na safe waya ta tashe ni. Alhaji ne, mai kamfaninmu, daga tsakiyar Shahe, kasuwar tufafi a nan China, ina jiyo ihun masu tura kaya a titin Lianquan a bayansa. Wanda ya san Shahe ya san kasuwar sammako ce: ana buɗewa gari bai gama wayewa ba, da an yi azahar kuwa masu shaguna sun fara tattara komatsai. Ya ga riguna masu kyau, mai shago ta yi masa ragi, saura kawai ya duba dozin nawa mutanen Kantin Kwari suka yi oda. Ya buɗe waya zai shiga sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafinmu, sai ta ce wa'adin kalmar sirrinsa ya ƙare. Sai ya sa sabuwa, da babban baƙi, da lamba, da alama. Mutum na tsaye cikin turmutsitsi, gilashin karatu na otal. Ya gwada sau uku, ta kulle shi.

"Injiniya, me na yi wa na'urar nan?"

"Ba ka yi komai ba, ranka ya daɗe. Kwana casa'in ne suka cika."

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Ba a sace kalmar ba, ba wanda ya leƙa ta, kalanda ce kawai ta juya. Sai ka ce fura ce da za ta yi tsami don ta kwana. A Linux layi ɗaya ne, umarnin chage, ka rubuta 90 shi ke nan. In ba ka taɓa ba, yawancinsu a 99999 suke zuwa, sama da shekara 270. Windows kuwa ta daɗe tana zuwa da kwana 42. Ban taɓa haɗuwa da mai kare wannan tsari da ya iya gaya mini me ke faruwa da kalma a rana ta 91 ba.

Kuma mun san abin da mutane ke yi. Wanda aka tilasta wa canji duk wata uku ba zai zauna ya ƙirƙiro sabuwa mai ƙarfi ba. Kwari@1 ce za ta koma Kwari@2, ta koma Kwari@3, a yi ta ƙirge kamar ana lissafin dila. Mai ɗan tsoron mantuwa ya rubuta a takarda ya manna ƙarƙashin madannai, ko a bayan littafin bashi. A 2010 masu bincike a Jami'ar North Carolina sun gwada wannan da tsofaffin asusun ɗalibai da ma'aikata: da suka riƙe tsohuwar kalma, sun gano sabuwar cikin 'yan daƙiƙoƙi a kashi 41 cikin 100. Wato ka canja kwaɗo amma tsohon makulli na buɗewa da ɗan murɗawa.

Ɓarawon ma fa? Wanda ya samu makullin shagonka ranar Talata ba zai jira wata uku ba, daren Talatar zai zo.

Abin dariyar, masu wannan al'ada sun daɗe da tuba. Hukumar NIST ta Amurka ta ce tun 2017 a daina tilasta canji bisa kalanda, sai in akwai alamar an saci kalmar. A shekarar ce Bill Burr, wanda ya rubuta shawarwarin hukumar na 2003 kan kalmar sirri, ya gaya wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. Microsoft ta cire wa'adin daga jerin shawarwarinta na tsaro a 2019. Liman ya sallame, mamu suna nan suna ta sujada.

To, gaskiya ɗaya zan faɗa, ba da son raina ba. Mai binciken tsaron da ya zo ofishinmu ya dage sai an sa wa'adi, amma ba shi kaɗai ya ƙago ba. Ƙa'idar tsaron intanet ta China, GB/T 22239-2019, wadda ta fara aiki a Disambar 2019, ta ce a riƙa canja bayanan shiga lokaci-lokaci. In kana cin kasuwa a garin mutane, dokarsu za ka bi, na sa 90 ɗin da hannuna. Na kuma yarda wa'adi na iya yin amfani inda mutum biyar ke shiga da asusu ɗaya, ɗaya ya bar aiki. Amma maganin wannan ai kowa ya samu nasa asusun, ranar da mutum ya ajiye aiki a rufe nasa. Shi ma layi ɗaya ne a chage ɗin nan. Wannan ne ake mantawa, sai ka tarar da asusun yaron da ya koma Kano tun bara yana nan a buɗe, Alhaji mai kamfanin kuma an kulle shi a waje.

Mutumin da ke biyan kuɗin taliyar Shahe da WeChat, bankinsa na turo masa lambar tabbaci a waya kullum, ba zai gaza mataki biyu wajen shiga saba ba. A bar shi da jimla doguwa wadda shi kaɗai ya sani, ya riƙe ta shekara da shekaru, a ƙara da lambar tabbaci ta waya. In wani abu ya faru, a canja a ranar.

Kafin in buɗe kwamfuta in sake shi, wata 'yar sari ta kwashe rabin rigunan. Ya saye ragowar. Da zai sa sabuwar kalma na ce, "Alhaji, don Allah kada ka faɗa mini."

Ya ce, "Ai ka sani, Injiniya. Ta goma muke."