Bin Sawu da Asalin Kimiyya: Sharhi a Kan Littafin Louis Liebenberg

A shekarar 1990 ne Louis Liebenberg ya wallafa littafinsa mai suna The Art of Tracking: The Origin of Science, bayan ya yi zama da mafarautan ƙabilar San a hamadar Kalahari. Jigon littafin shi ne, bin sawu iri biyu ne. Akwai wanda ake bi taki-taki, akwai kuma na kintace, wato inda mafarauci zai ƙiyasta abin da dabba ta yi da inda ta nufa, sa'an nan ya je ya gwada ƙiyasin da abin da ya tarar a ƙasa. Wannan na biyu, in ji marubucin, shi ne tushen tunanin kimiyya.

Rabin wannan da'awa ya tabbata. A 1997 Stander da mafarauta huɗu 'yan Ju/'hoan na Namibiya suka buga sakamakon gwajin da aka yi wa masu bin sawu a kan namun daji irin su zaki da damisa, inda suka dace a kashi 98 cikin ɗari. Abin lura kuma, an sa sunayen mafarautan cikin jerin marubuta, ba a mai da su 'yan rakiya ba.

To amma ɗaya rabin yana da rauni. Tunani ba ya barin sawu a kan dutse, saboda haka babu hujjar da za ta nuna yadda mutanen farko suka yi nasu. Ɗaukar San na yau a matsayin madubin mutanen da kuwa, tauye musu tarihi ne.

Akwai kuma matsalar harshe. Manhajar CyberTracker, wadda Liebenberg ya fara ƙirƙira a 1996, ta ba wanda bai iya karatu ba damar adana bayani ta hanyar taɓa hotuna, har aka yi amfani da ita wajen nazarin baƙin karkanda a gandun dajin Karoo. Sai dai hoto yana riƙe sakamako ne kawai. Muhawarar da mafarauta kan yi a kan sawu, da kalmomin da suke bambanta tafiya da tafiya, duk cikin harshe suke zaune. Idan harshen ya raunana, na'ura za ta cika da alƙaluma, amma ba za a sami mai karanta ƙasa ba. A nan ne ake bukatar masanin harshe ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da masanin dabbobi.