Furanni, Begila da Tattabaru: Nazari a Kan Bikin 15 ga Janairu

Duk wanda ya taɓa kallon bikin Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya a talabijin ya haddace tsarinsa, don ba ya sauyawa. Da hantsi shugaban ƙasa zai iso dandalin da ke gaban Majalisar Dokoki a Abuja, ya duba faretin ban girma. Limaman soja na addinai biyu su yi addu'a, a busa begila, a yi tsit na minti ɗaya. Sai a shiga ajiye furanni bisa jerin muƙami: shugaban ƙasa, mataimakinsa, shugabannin majalisa, alƙalin alƙalai, manyan hafsoshi. Can wajen ƙarshe ake kiran mace ɗaya ta ajiye nata a madadin dukan matan da suka rasa mazajensu a fagen daga. Daga nan a saki fararen tattabaru. A 2021 tattabarun suka ƙi tashi a gaban Shugaba Buhari, aka yi kwanaki kowa na ba da tasa fassarar.

Al'adar gadon Turawa ce. Bahaushe ba ya kai wa mamaci fure, kuma ba ya yi masa shiru. Addu'a yake yi masa, ya je ta'aziyya, ya yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Da can ran 11 ga Nuwamba ake bikin, kamar yadda ake yi a Ingila, don tunawa da ranar da aka tsagaita wutar yaƙin duniya na farko a 1918. A inuwarsa ake tunawa da kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 da aka kai dazukan Bama a yaƙi na biyu. Daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu, ranar da Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Gowon a barikin Dodan a 1970.

To amma wannan rana tana goye da wani tarihin da bikin bai tanadar wa gurbi ba. A daren 15 ga Janairun 1966 ne wasu matasan hafsoshi suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola. Abin da aka fi mantawa shi ne sojojin da sojoji 'yan'uwansu suka harbe a daren: Birgediya Zakariya Maimalari, Birgediya Ademulegun, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema, Laftanar Kanar James Pam. Su ma mazan jiya ne, sai dai ba abokin gaba daga waje ya kashe su ba. Ba da jimawa ba aka fito da dokar soja mai lamba 1 da ta jingine sassan tsarin mulki, ƙasar ta shiga zamanin da ya ci kusan shekara 29 jimilla a hannun masu kaki. A cikinsa aka haifi doka mai lamba 2 ta 1984, wadda ta halatta tsare mutum ba tare da kai shi gaban alƙali ba.

Nan ne nake ganin raunin bikin. Duk abin da ake yi a dandalin yana koyar da ɗa'a ne ga na sama: ƙamewa, sarawa, jerin gwano daga babba zuwa ƙarami. Babu wani ɓangare nasa da ke tuna wa manyan da ke zaune a rumfa cewa su ma akwai abin da ke bisa kansu. Alhali sashe na 1 na tsarin mulkin 1999 ya haramta karɓar mulki ta wata hanya da ba tasa ba, sashe na 217 kuma ya zayyana aikin soja, ya ce idan za a sa shi kwantar da tarzoma a cikin gida, to taimaka wa hukumar farar hula zai yi, bisa sharuɗɗan da Majalisa ta gindaya.

Idan aka raba girmama gawar soja da wannan iyaka, baƙin ciki yakan zama lasisi. A Oktoban 2001 aka kashe sojoji 19 a yankin Zaki Biam na jihar Binuwai, kisan wulaƙanci da ba mai iya kare shi. Aka yi musu jana'izar ƙasa a Abuja. A cikin makon jana'izar ne sojoji suka dira Gbeji da Vaase da Zaki Biam, suna tara mazan gari kamar za a yi taron sulhu, sannan su buɗe wuta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga fiye da mutum 200 da aka kashe. Har gidan Janar Victor Malu, wanda bai daɗe da sauka daga shugabancin rundunar sojan ƙasa ba, bai tsira ba. Sai a 2007 babbar kotun tarayya a Inugu ta yanke diyyar naira biliyan 41.8, shugaban sojan ƙasa na lokacin, Luka Yusuf, ya nemi afuwar Tibi, mutanen yankin. Shin waɗancan 19 an ƙara musu daraja da jinin manoman doya?

Wani zai ce mai kawo irin wannan magana a ranar makoki ba ya ƙaunar soja. Ni kuwa ina ganin ƙaramin soja ya fi kowa buƙatar a riƙa tuhumar gwamnati. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi da Boko Haram, su kuma suna cewa ba a ba su makamai ba. Shekara ba ta zagayo ba sai ga zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. An mayar da hukuncin ɗaurin shekara goma, amma waɗanda suka bi umarni suka fita da harsashi ƙalilan, su sai dai a tuna da su da fure.

Tarihin bai tsaya a can ba. Ran 14 ga Maris 2024 aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta, cikinsu har da kwamandansu, Laftanar Kanar A. H. Ali. Cikin mako biyu aka binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja, Shugaba Tinubu ya ba su lambobin girma, ya yi wa iyalansu alƙawarin gidaje da karatun yara. Hakan ya dace, ba ja. Garin kuwa an baje shi, mutanensa suka watsu cikin daji. A watan Agusta sojoji suka kama wasu shugabannin al'ummar. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Har watan Disamba ba a gurfanar da su ba, a watan ne kuma labari ya fito cewa ɗaya daga cikin dattawan ya rasu a tsare. Makonni kaɗan bayan haka aka sake jera furanni a Abuja, aka saki tattabaru.