Malam Zurƙe Da Ɗalibin Haddar Takarda

Jama'a, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani a zaman tattaunawar ƙungiyarmu a kan Ruwan Bagaja, littafin da Abubakar Imam ya shiga gasar 1933 da shi, aka buga shi a 1934.

Wanda ya karanta littafin zai tuna inda Alhaji Imam, wanda ba shi da karatun kirki, ya kara da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a gaban jama'a. Ya zana wata alama a ƙasa, Zurƙe ya karanta ta a matsayin harafi, shi kuwa ya ce jinjirin wata ne. Jama'a suka bi bayan mai wayo, suka tozarta mai sani. A ganina wannan wuri ya fi ƙarfin ban dariya kawai. Marubucin yana nuna mana cewa idan alƙalin gasa bai iya tantancewa ba, mai dabara ne zai ci.

To, da na kawo wannan magana, sai wani ɗan'uwanmu da ya saba cin maki mai yawa ya yi tsuru-tsuru. Ya haddace jigo da salo da zubi da tsari daga takardun malami, amma bai taɓa buɗe littafin ba. Na ce a raina, ashe jarrabawa ma takan zama taron 'yan kallon nan.

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Da ƙarshen zango malami ya juya tambaya, ya ce a kwatanta halin Alhaji Imam da na Zurƙe, a kawo hujja daga labarin. Waɗanda suka zauna muka yi ta gardama har magariba su ne suka sami abin rubutawa. Mai hadda kuwa ya zuba abin da ba a tambaye shi ba.

Ban ce zuwa taron ƙungiya kaɗai zai ba mutum digiri ba, don akwai masu zuwa hira kurum. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya karanta da kansa, ya yi tambaya, aka ƙure shi ya koma ya duba, shi ne iliminsa ke zama. Malamanmu kuma su daure su riƙa yin tambayar da hadda ba za ta amsa ba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.