Tsokaci a Kan Koyar da Kwatanci a Nahawun Hausa

A Ingilishi sifa ce ke ɗauke da kwatanci: tall, taller, tallest. Ɗafa-ƙeya ne ke nuna mataki, ko kuwa kalmomin more da most. Wasu malamai a makarantun birnin Kano sukan kwafo wannan jadawali mai gida uku su cusa Hausa ciki, su rubuta: dogo, mafi tsawo, mafi tsawon duka. Wannan kuskure ne tun daga tushe.

Bakano zai ce, "Kasuwar Kurmi ta fi ta Rimi daɗewa." Ina sifa a nan? Babu. Aikatau "fi" ne ya ɗauki nauyin kwatancin, "daɗewa" kuwa suna ne ɗan aikatau. Haka "kai" ke nuna daidaito, "ɗara" fifiko kaɗan, "gaza" kuma kasawa. A karin maganar "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" ba a ma ambaci abin da aka fi da shi ba. Shi kansa "mafi" ɗafa-goshin "ma-" ne haɗe da "fi", kamar "maso" daga "so".

Tun 1955 F. W. Parsons ya yi nazarin sunaye irin su zafi, nauyi da faɗi, waɗanda su ne ke biyo bayan "fi". A 1985 Leon Stassen ya sanya Hausa cikin harsunan da ke kwatanci da aikatau. Amma ɗalibin da aka horar da jadawalin nan, in aka ba shi "Audu bai kai Bala wayo ba", sai ya rasa gidan da zai ajiye jimlar.