Ido Biyu Ya Fi Ɗaya: Tsohuwar Kyamara da Littattafanmu

A shekarar 1838 wani masani ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa abin da idon dama ke gani ya ɗan bambanta da na hagu, kuma ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su har mutum ya gane kusa da nesa. A kan wannan aka ƙera kyamara mai ido biyu, tazararsu kusan santimita 6 da rabi, kamar idon mutum. Hoto biyu take ɗauka lokaci guda. In aka leƙa su ta cikin akwatin gilashi irin wanda David Brewster ya gyara a 1849, sai su zama ɗaya mai zurfi, kai ka ce hannu za ka miƙa ka taɓa. Jikanta ne View-Master na 1939, wanda da yawanmu muka leƙa Ka'aba a cikinsa a tsarabar alhazai.

Ma'aunin da muke so mu ɗora labaranmu a kai ke nan. Sau da yawa marubuci zai ce labarinsa a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya faru, amma da ido ɗaya ya ɗauko unguwar: get, mota, falo, sai budurwa mai dogon gashi. Ina masu jinya da ke kwana a harabar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988? Ina 'yan Kasuwar Tarauni, da magini ya gina gidan Alhaji ya koma ɗakin haya? A canja sunan unguwar zuwa Nasarawa, labarin ba zai girgiza ba. Wannan alama ce cewa marubucin bai tsaya ya kalli wurin ba.

Haka lamarin yake ga taurarin labari. Kishiya muguwa ce tun daga shafin farko har na ƙarshe, talaka kuwa waliyyi. Hoto ne shimfiɗaɗɗe.

Mu duba Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu (1990). Mun ga Alhaji Abdu da dukiyarsa da amaryarsa, mun kuma ga Rabi da ya kora da 'ya'ya tara tana sayar da abinci don su rayu. Gida ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu, shi ya sa labarin ya yi zurfi.

Amma a kula: in tazarar idanun kyamarar ta yi yawa, hotunan ba sa haɗuwa, sai ciwon kai. Marubucin da ya jera masu kuɗi a babi ɗaya, talakawa a wani, ba tare da abin da ya ɗaure su ba, shi ma bai yi ba. Dole wuri ɗaya idanun biyu ke kallo.

Shawararmu ga sababbin marubuta: kafin ku ɗora alƙalami, ku zaga unguwar da ƙafa, da safe da kuma bayan magariba. Gani ya kori ji. Allah Ya sa mu dace.