Shukar Tsakar Gida: Lambun da Mata Suka Tsara a Kan Hanyar Ruwa

A shekarar 1993 masanin al'adu ɗan Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Ghana, ya fitar da littafi kan matsayin furanni a al'adun duniya. Hukuncin da ya yanke wa Afirka ta kudu da Sahara shi ne, in aka kwatanta ta da Indiya ko Sin ko Turai, mutanenta ba su damu da shuka fure don ado ba. Yau ba sai an je Ingila za a ji wannan magana ba. Ana jin ta a bakin 'yan bokonmu da suka yi gini a Zariya ko Kaduna suka jera fulawa a gindin katanga: wai Bahaushe bai san ado da tsiro ba, abin da zai kai baka kaɗai ya sani. Har hujja suke kafawa da karin maganar nan ta ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, wai ta nuna yadda muka raina fure.

Masu wannan magana ƙofar gida suka tsaya. A Ikara da Maƙarfi da Kudan, kamar sauran ƙasar Zazzau, lambun gida ba a gaban zaure yake ba, yana can tsakar gida inda baƙo namiji ba ya shiga, kuma na mata ne. Wanda bai wuce soron ƙarshe ba bai cancanci ya yi shaida a kansa ba.

Tarihin abin ba ya buƙatar dogon zance. Fatauci da hanyar Hajji sun kawo mana lemun tsami da rumman, zogale kuma asalinsa Indiya. Gwanda da gwaiba da barkono daga nahiyar Amurka suka taso suka biyo hannun 'yan kasuwa har suka zama 'yan gida. Da matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar da gwanda tana leƙowa daga cikin gidaje, ya kuma yaba kyanta a rubuce. A 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa kundin sunayen tsirrai da Hausa, kuma yawan sunayen kaɗai ya isa nuna cewa mutanen da ya tambaya masu lura ne. Dogon yaro, wanda yaran yanzu ke ɗauka tun fil azal yake nan, sai a wajajen 1928 aka fara dasa shi a Borno. Tsakar gidan Bahaushiya ba ta taɓa ƙin baƙon tsiro ba. Sharaɗi ɗaya take gindaya masa: ya yi aiki.

Kuma yankin da ake magana a kai ba na 'yan koyo ba ne. Raken Maƙarfi da mazarƙwailarta sun san hanyar kasuwannin Arewa duka. Saboda tumatirin Ikara aka kafa masana'antar sarrafa shi a garin a 1981. Manoman Kudan sun ƙware a barkono, ga shi a 'yan shekarun nan sun yi suna da inabi, wanda ba ya 'ya'ya sai an iya ɗaura shi a rumfa an san lokacin aske masa rassa. Matan gidajen nan da ƙwarewar suka tashi. Bambancinsu da mazan fadama shi ne ba su da injin ban ruwa, ba su da rafi, filinsu kuma bai wuce taku goma ba.

Daga wannan rashi dabarar ta fito, kuma ita ce abin nazari. Ruwan sama a wannan yanki kimanin milimita 1,000 ne a shekara, yana sauka daga Mayu zuwa farkon Oktoba, daga nan sai rani na wata shida ko fiye. Matar da ke jan guga ko sayen jarka a hannun 'yan garuwa ba za ta ɗebi ruwa musamman don shuka ba. Sai ta duba inda ruwa ke zuba a gidan ko ana so ko ba a so, ta kai kowane tsiro inda irin ruwansa yake. Lambun bai da kunya-kunya, bai da layi. Sawun ruwa yake bi, daga mai tsabta zuwa mai dauɗa.

Matakin farko gindin randa ne. Randar ƙasa tana gumi, wannan gumin ne ke sanyaya ruwan da ke ciki, kuma shi ne ke hana yashin da aka girke ta a kai bushewa. Ƙara da ɗigon moɗa duk lokacin da yaro ya sha ya watsar da saura. Wurin yana da inuwa, yana da laima marar yawa wadda ba ta yankewa dare da rana. Nan ake sa na'ana'a, mai gajeriyar saiwa da rana ɗaya ta Afrilu ke iya kashewa, nan kuma daɗɗoya ke jin daɗi. A gidan da aka iya abin za ka ga fasasshiyar tukunya an kafa ta a gefen randar, an cika ta da baƙar ƙasar turke, na'ana'ar ta yi tsiri-tsiri tana zubowa ta bakin tsagar. Duk wanda ya sunkuya ɗiban ruwa sai zaninsa ko rigarsa ta goge ganyen, ƙamshin ya tashi. Mai shukar ta san da haka tun kafin ta zaɓi wurin.

Mataki na biyu wurin alwala. Ruwansa mai tsabta ne, ba sabulu, kuma yana zuwa sau biyar a rana ba fashi, rani da damina. Babu tsarin ban ruwan da ya kai shi kiyaye lokaci. Shi ake ba wa itatuwan da ake ji da su: lalle, zogale, rumman, lemun tsami. Akan ajiye dutse ko guntun bulo inda ake ɗora ƙafa, a ja 'yar siririyar hanya da bakin fartanya zuwa gindin itacen, don kada wurin ya zama caɓi. Zogalen ma ba a barinsa ya tafi sama. Reshe ake sarowa a kafa da farkon damina, in ya kai tsayin kafaɗa a datse kansa ya yi rassa, yadda yarinya za ta iya tsinko na kwaɗo ba tare da ta hau komai ba.

Mataki na uku magudanar wanke-wanke, inda ruwa ke da yawa amma ya gauraya da toka da maiƙo da guntun tuwo. Nan sai masu ƙishi: ayaba, ko gindin rake biyu da maigida ya shigo da su daga fadama. Gwanda tana son wurin, amma tsofaffi ba sa dasa ta cikin magudanar, sai a ɗan tudu a gefe, domin saiwarta ruɓewa take in ruwa ya kwanta mata. Sun kuma san ruwan omo mai kauri yana ƙona ganye, don haka ruwan ɗauraya ake ba wa shuka, na farkon a watsar can. Ruwan makewayi da na wankin tsumman jariri ba ya zuwa kusa da abin da za a ci.

Sai kuma abin da damina ta ba da kyauta. Inda indararo ko bakin kwano ke zubar da ruwa a bayan ɗaki, nan ake watsa kuɓewa, yakuwa, rama, lalo da alayyahu. Danga da zana da rufin ɗakin girki kuwa na masu yaɗo ne, kabewa da duma da soso da garafuni. Wanda ya ce babu fure a gidan Bahaushe bai taɓa shiga irin gidan nan a watan Agusta ba. Da safe soso ya buɗe furanni ruwan ɗorawa a kan danga, kuɓewa ta fito da nata mai jan ciki, da yamma duma ya saki farare. Yakuwa kuma jan karanta da jan zoɓonta suna nan har kaka. Fure ne wanda 'ya'ya ke biye da shi, irin wanda karin maganar da suka kafa hujja da ita take yabo a fakaice.

Akwai kuma fasahar tsaro, domin gidan da ke da shuka yana da akuya da kaji. Tsohon kwando da gindinsa ya fita, a kife shi kan dashe a danne da dutse. Ƙayar magarya a kewaye gindin gwanda. Tsohon gidan sauro a lulluɓe alayyahu. Kashin awakin da ake tsoron bakinsu shi ne takin, tokar murhu kuma a barbaɗa wa ganye saboda ƙwari. Ba a sayen komai. Iri ma a hannun maƙwabciya ake samu, ko a ƙulle shi a bakin zani daga gidan suna, shi ya sa za a iya bin sawun daɗɗoya guda daga Hunkuyi zuwa Likoro, ko daga Paki zuwa Ikara, ta hanyar auratayya.

Zargin da ya fi na 'yan boko nauyi shi ne na duba-gari, cewa shuka a cikin gida tana tara sauro. Amsarsa a fili take. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, tsutsarsa kuma tana buƙatar kusan mako guda ko fiye kafin ta yi fiffike. Ruwan da ya faɗa gindin ayaba ba ya kwana. Wanda ke kwana shi ne na gidan da aka shafe da siminti, ya bi rariya ya fita waje ya taru a kwatami a bakin hanya, ya yi kore. Wanda ke neman gidan sauro ya duba can.

Duk cikin tsirran nan babu wanda ya rushe hukuncin Goody kamar lalle. Itace ne da ke jure rani, yana karɓar aski, in aka jera shi yana yin shinge mai duhu. Furensa ƙanana ne farare a cure, ba su da girman da za su ɗauki ido daga nesa, amma da magariba ƙamshinsu yana cika gida ya tsallaka katanga. Ganyen kuwa a tsinke shi, a shanya a inuwa don kada ya koɗe, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa, wasu su matsa lemun tsami. Sinadarin da ke cikinsa yana kama fata da farce, launin kuma yakan ƙara nuna bayan kwana ɗaya ko biyu da cire ƙunshi. Zungurun da tsofaffi ke zura hannu a ciki, duman da ya hau dangar gidan ne. Lemun na wurin alwala ne. Kayan ƙunshin amarya gaba ɗaya daga fili ɗaya suka fito, kuma har yau sa lalle na cikin manyan ranakun biki.

Ashe tambayar ce aka yi ba daidai ba. Bature yana yanke fure ya sa a kwalba a kan tebur, da bai ga kwalba a nan ba sai ya ce babu ado. Bahaushiya hanci take yi wa shuka, da inuwa, da tafin hannu. Tsiron adonta a jiki ake sa shi, a shiga taro da shi. Wannan ba ƙarancin wayewa ba ne, wata makaranta ce daban, kuma ta fi dacewa da ƙasar da ruwa ke da tsada.

Abin takaici shi ne wannan makaranta tana rasa ɗalibai, kuma ba fari ne ke kashe ta ba, siminti ne. Alamar an samu kuɗi a yau ita ce a shafe tsakar gida daga bango zuwa bango, a sa famfo da tayil a wurin alwala, ruwan ya bi bututu ya fita. Randa ta ba wa firiji da ruwan leda wuri. Bayan an gama sai a je wurin masu sayar da fulawa a bakin titin Zariya ko Kaduna a sayo dogayen itatuwan nan 'yan Indiya masu tsayuwar mashi, waɗanda ba sa ba da inuwar da mutum ɗaya zai zauna, da ciyawar shimfiɗa da sai an yi mata ban ruwa kullum. Gidan ya yi zafi, domin siminti yana shan rana ya yi ta amayar da ita har tsakar dare. Lalle kuma a koma sayen na kanti, har da baƙin nan da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi, wanda likitocin fata suka daɗe suna gargaɗin yana sa ƙuraje da ƙuna.

Ba a ce kowa ya tsige fulawarsa ba. Bugenbiliya mai ƙaya, 'yar Kudancin Amurka, tana jure rani tana kuma tsare katanga, ta cika sharaɗin tsakar gida, a bar ta. Abin da ake nema shi ne magini da mai gida su daina ɗaukar ƙasa a matsayin dauɗa. A bar taku uku ba siminti a inda ruwan alwala ke sauka, a karkata bututun wanke-wanke zuwa rami mai tsakuwa da ayaba a bakinsa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, tana nan kusa, kuma wannan ilimi na mata ya cancanci a bi gidajen Gimi da Kurmin Kogi da Doka a rubuta shi kamar yadda aka rubuta na masara da auduga. Makarantun 'yan mata da na Islamiyya na ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan kuwa galibi suna da wurin alwala, kuma ana iya kafa shingen lalle a bakin kowanne da rassan da ɗalibai za su saro daga gidajen kakanninsu a watan Yuni.